Garura, Dayis da Lalle: Yadda Rini Yake Kama Tufa da Gashi

Filin kimiyya na wannan fitowa ya leƙa wani abu da kowannenmu yake ɗauke da shi a jikinsa yanzu haka da yake tsaye gaban wannan allo, wato rini. Rigar makarantar da ke jikinka rinanniya ce, hijabin da ke kanki rinanne ne, haka zaren da aka ɗinka hular malam. In an yi biki a gidanku kwanan nan, wataƙila har yanzu akwai sauran ƙunshi a hannunki.

Ga wasu tambayoyi da za mu riƙe a zuci. Me ya sa mai rini zai karɓi tsohuwar shadda ya mayar da ita kamar sabuwa, amma in aka kai masa hijabin roba sai ya ce wannan ba zai kama ba? Me ya sa lallen gargajiya sai ya kwana a ƙafa kafin ya yi ja sosai, amma dayis cikin rabin awa ya yi baƙi wuluk? Kuma me ya sa wata take yin ƙunshin dayis lafiya lau, wata kuma bayan mako guda hannunta ya kumbura ya yi ruwa? Amsar duka tana wuri ɗaya, wato yadda ƙwayar rini take kama abin da aka sa ta a kai.

Daga ina launi yake fitowa?

Hasken rana da muke gani fari, haɗin launuka ne, su ne waɗanda suke rarrabuwa a bakan gizo bayan an ɗauke ruwan sama. Kowace ƙwayar rini tana da wani ɓangare da yake shanye wasu daga cikin launukan nan, ragowar kuma su dawo cikin idonmu. Shuni yana shanye ruwan lemo da maƙwabtansa, abin da ya rage ya dawo mana shi ne shuɗi. Baƙin rini kusan duka yake shanyewa, shi ya sa baƙin hijabi ya fi fari ɗaukar zafi a watan Afrilu. Idan wani abu ya farfasa wannan ɓangare mai shanye haske, launi ya tafi. Aikin da rana take yi wa tufa ke nan a hankali har ta koɗe, aikin da ruwan bilic yake yi kuma cikin mintuna. Saboda haka mai son atamfarta ta daɗe, ta juya bayanta ta shanya a inuwa.

Sai dai ba kowane abu mai launi ne rini ba. Bular da ake sa wa fararen kaya ƙananan gari ne da ba sa narkewa a ruwa, zama kawai suke yi a kan zare, wanki ɗaya ya kwashe su. Rini na gaske sai ya narke, ya shige cikin zaren, sannan ya sami abin da zai hana shi fitowa.

Abin da marina suka sani tun kafin a rubuta shi a littafin Kemistiri

Rini tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, har ta shiga maganarmu ta yau da kullum. In mutum ya ce “da ma an san a rina”, cikon maganar shi ne “an saci zanen mahaukaciya”: zanen da kowa ya sani a gari ba ya ɗauruwa sai an sauya masa launi. Karofin Ƙofar Mata a Kano ana danganta kafuwarsa da shekarar 1498. Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya bi ta Katsina ya shiga Kano a 1851, ya kuma rubuta cewa rinannen tufafin Kano yana kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Kakanninmu suna da jan karan dafi da ake rina fata da shi, da ɗorawar da ake samu daga saiwar rawaya, amma sarkin rininsu shi ne baba.

Abin mamaki a nan, ganyen baba kore ne, babu shuɗi a cikinsa. Abin da ke ciki wani sinadari ne marar launi. Sai an jiƙa ganyen ya ruɓa, iska kuma ta taɓa shi, sannan shuni yake bayyana. To, shi kuma shunin ba ya narkewa a ruwa, kun ga ba zai iya shiga zare ba. A nan hikimar karofi take. Marini yana zuba baba da toka da katsi a cikin ramin, ya cika shi da ruwa, ya riƙa motsawa na kwanaki. Toka tana mayar da ruwan mai kaifi irin na kanwa, ƙananan halittun da ido ba ya gani kuma suna cinye iskar oksijin da ke ciki, su sauya shunin ya koma wani nau'i mai narkewa, mai launin ɗorawa-ɗorawa da kore-kore. Wannan nau'in shi yake kutsawa cikin auduga. Da an tsamo tufar, kore za ka gan ta. Kana tsaye kana kallo iska za ta buge ta, ta rikiɗe ta koma shuɗiya, domin oksijin ta mayar da shunin yadda yake da farko, marar narkewa. Ya shiga ɗaki yana siriri, ya yi ƙiba a ciki, ƙofa ta yi masa kaɗan. Kowane tsomi yana ƙara duhu, shi ya sa ake tsomawa a fitar, a sake tsomawa.

Rawanin nan mai ƙyalli da ake kira ɗan Kura, wanda Buzaye suke ji da shi, yana da ƙarin aiki: masu bugu suna ɗora masa garin shuni su buga har ya yi walƙiya. Wannan shunin na sama zaune kawai yake, shi ne yake shafa a goshi da hannun mai naɗa shi. A rawani ɗaya ke nan ga rinin da ya kama, ga wanda bai kama ba.

Saurayin da ya fita neman maganin zazzaɓi

A 1856 wani ɗalibi ɗan shekara 18 a Landan, William Henry Perkin, yana ƙoƙarin haɗa kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, daga sinadaran da ake tatsowa a kwaltar kwal. Kwinin bai samu ba, sai wani baƙin dabɓe a gindin kwalba. Da ya narkar da shi, sai ga launin shunayya mai kyau wanda ya kama alharini. Shekara guda bayan haka ya buɗe masana'anta. Daga nan rinin da ake haɗawa da sinadarai, wanda muke kira garura, ya zama babbar sana'a. Ku lura da shekarunsa, sa'an 'yan aji shida ne.

Jamusawa suka karɓi ragamar. Adolf von Baeyer ya gano yadda ƙwayar shuni take a gine a 1883, kamfanin BASF kuma ya fara sayar da shunin masana'anta a 1897. A wannan shekara, shunin da ake samu daga tsiro a duniya ya kai kimanin tan 19,000, mafi yawa daga Indiya. Zuwa 1914 ya faɗo wajen tan 1,000. Manoman baba sun rasa kasuwa, kuma a hankali guguwar ta iso karofin ƙasar Hausa, ta haɗu da shigowar yadin kanti, ramuka da yawa suka mutu.

Wani abu da ya kamata ɗalibin kimiyya ya riƙe: shunin baba da shunin masana'anta ƙwaya ɗaya ce, kabon 16, haidirojin 10, naitirojin 2, oksijin 2. Wandon jins da samari suke saya a kasuwar Batsari da shunin masana'anta aka rina shi, amma ta hanyar nan ta marina: a narkar, a tsoma, a ba iska. Bambancin shi ne, maimakon toka da jiran kwanaki, ana amfani da soda mai ƙuna da wata farar hoda mai wari, haidirosalfait, a gama cikin ɗan lokaci. Shunin jins a bayan zare kawai yake tsayawa, tsakiyar zaren fari ne, shi ya sa gwiwa take fara yin fari in wando ya sha jiki.

Kowane zare da rinin da yake ji

Auduga, da shadda ta ainihi, da atamfa mai kyau, duk daga sinadarin tsiro suke, wanda ake kira selulos. Selulos yana son ruwa, yana kumbura a cikinsa, ƙofofinsa su buɗe. Akwai garura mai arha da take shiga ta kwanta kawai a jikin zaren kamar baƙo a zaure, ba abin da ya ɗaure ta sosai. Irin wannan ce take zuba duk wanki, ta ɓata sauran kaya a bokiti. Akwai mai bin hanyar shuni, wadda ake kullewa a ciki. Akwai kuma wadda kamfanin ICI na Ingila ya fito da ita a 1956, wadda take ƙulla haɗi na dindindin da selulos, irin haɗin da ake kira kobalent a darasin Kemistiri. Ita wannan ta zama ɓangaren zaren, sabulu ba ya raba su.

Masu rini suna zuba gishiri a ruwan rini saboda dalili. A cikin ruwa, auduga da ƙwayar garura duka suna ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya, suna ture juna. Gishiri yana rage wannan turewa, rinin ya matso jikin zare. Amma a lokacin rini yake wannan aiki. Jiƙa sabuwar atamfa a ruwan gishiri bayan an sayo ta, kamar yadda aka saba a gidaje, ba ya ɗaure rinin da tun farko bai kama ba. Abin da ya fi shi ne a wanke ta ita kaɗai da ruwan sanyi har rarar ta fita.

Foliyesta kuwa, wanda muke ce wa yadin roba, daga man fetur aka yi shi. Ba ya shan ruwa, zarensa a matse yake gam. A masana'anta sai an dafa shi a rufaffiyar tukunya a zafin da ya kai wajen digiri 130 kafin ya saki jiki wani rini na musamman ya shige. Ruwan tukunyar da ke kan murhu ba ya wuce digiri 100 komai yawan itacen da aka tura. Amsar tambayarmu ta farko ke nan. Kuma in kun taɓa ganin shaddar da aka sake rinawa ta yi duhu amma zaren ɗinkin da aikin wuyan suna nan da tsohon launinsu, to zaren na roba ne. Yawancin yadin kayan makaranta haɗi ne na auduga da roba, in aka rina shi a gida audugar ta kama, robar ta ƙi, ya fito dishi-dishi. Kafin iyaye su kashe kuɗin rini a kan yunifom ɗin da ya koɗe, a zare 'yan zaruruwa daga cikin kalmasa a kusantar da su ga ashana, a gaban babba. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi. Roba tana ƙanƙancewa ta narke ta bar ɗan baƙin dunƙule mai tauri.

Gashi, farce da fata

Gashi ba selulos ba ne. Da shi da farce da saman fatarmu da ulun tumaki, duk an gina su da wani furotin mai suna keratin, shi ya sa ƙonannen gashi yake ƙauri irin na babbakar kan rago ranar Babbar Sallah. Silin gashi yana da ɓawo a waje, jere kamar ɓawon kifi, a ciki kuma akwai melanin, sinadarin da yake ba shi baƙi. In jiki ya daina zuba melanin a sabon gashi, furfura ta fito.

Ganyen lalle yana ɗauke da sinadari mai suna loson, wanda yake ƙulla haɗi da keratin kai tsaye. A hankali yake shiga, shi ya sa ake ƙunshe ƙafa a bar ta sa'o'i, kuma ake matsa lemon tsami a kwaɓin domin ya taimaka sinadarin ya fito daga ganye. Bayan an cire, launin yana ci gaba da nuna har kwana biyu. Tafin hannu da na ƙafa sun fi kamawa saboda keratin ɗinsu ya fi kauri. Yana gogewa a fata cikin mako biyu zuwa uku domin fata tana zubar da samanta, amma a farce sai farcen ya tsiro an yanke. Launin lalle na gaskiya daga ruwan lemo ne zuwa ja mai duhu, irin wanda muke gani a gemun dattawa. Ganyen lalle shi kaɗai ba ya ba da baƙi. Ko shi ma ba a shafa wa jarirai, domin akwai yaran da aka haifa da ƙarancin wani sinadari a jini, G6PD, waɗanda lalle yake iya farfasa musu jajayen ƙwayoyin jini.

Dayis hanyarsa daban. A yawancin kwalaye abu biyu ne ake haɗawa. Na farko yana da amoniya ko makamancinta, mai ɗaga ɓawon gashi, tare da wasu ƙananan ƙwayoyi marasa launi, mafi shahara a cikinsu shi ne wanda ake taƙaita sunansa da PPD. Na biyu haidirojin feroksaid ne. Ƙananan ƙwayoyin suna shigewa tsakiyar gashi, feroksaid ya tayar da su, su haɗu da juna su zama manyan ƙwayoyi masu duhu waɗanda ba za su iya fitowa ba. Dabarar karofi ce aka maimaita a cikin silin gashi. Wani Bafaranshe, Eugène Schueller, ya haɗa nasa rinin gashi a 1907, kamfanin da ya kafa a 1909 shi ne ya zama L'Oréal. Gashin da aka rina ba ya komawa, sai dai sabo ya tsiro, kimanin santimita ɗaya a wata, shi ya sa mai ɓoye furfura ba ya hutawa. Ɗaga ɓawon nan kuma yana bar wa gashi rauni. In aka haɗa shi da man miƙar da gashi a lokaci ɗaya, wanda shi ma akwai soda mai ƙuna a cikin wasu nau'o'insa, karyewa za ta biyo baya.

Baƙin lalle

Nan ne dalilin da ya sa muka zaɓi wannan darasi. A Safana, a Runka, a Batsari, a Ruma, ko'ina, in Sallah ta matso ko ana shirin kai amarya, layi ake yi a gidan mai ƙunshi. Zanen fulawa baƙi siɗik yana da kyau a hannu, ba mai musun wannan, ga shi ba ya cin lokaci. Amma abin da ake kira baƙin lalle, a mafi yawan lokuta dayis ne, ko lalle da aka cakuɗa da PPD.

PPD bayan ya gama haɗuwa ya zama babbar ƙwaya a cikin gashi, ya rage illa. Matsalar tana tsakiyar aikin, lokacin da feroksaid ko iska ta tayar da shi yana neman abin da zai kama. Silin gashi matacce ne, babu jini a cikinsa. Fata kuwa rayayya ce. PPD yana ratsa samanta ya kama furotin ɗin jiki, sai sojojin garkuwar jiki su ɗauki wannan haɗi a matsayin maƙiyi, su haddace kamanninsa. Karon farko mai yiwuwa ba a ga komai ba, ko kuma sai bayan kwana 4 zuwa 14 ƙaiƙayi ya fara. Saboda wannan jinkiri, da yawa ba sa danganta ciwon da ƙunshin, sai a ce ƙurajen zafi ne ko wani abu aka taka. Wadda jikinta ya riga ya haddace kuwa, cikin kwana ɗaya zuwa uku wurin zai yi ja, ya kumbura, ya yi bororo daidai siffar fulawar da aka zana. Bayan ya warke, a fata irin tamu yakan bar tabo baƙi ko fari mai ɗaukar watanni, wani lokaci ma tabo mai tudu.

Wannan haddacewa ba ta gogewa, har ƙarshen rayuwa. Yarinyar da ta kamu a aji uku, in ta girma ta shafa rinin gashi, fuskarta da fatar kanta za su iya kumbura har idanu su rufe. Jikinta kuma zai iya ƙin wasu abubuwa masu kama da PPD a gini, kamar wasu garurar baƙaƙen kayan roba, da baƙar roba ta takalmi, da wasu magungunan kashe zafi na shafawa. Cewa “na sha yi ban ga komai ba” ba hujja ba ce, kowane yi yana ƙara yiwuwar kamuwa.

Ƙasashen Tarayyar Turai sun ƙayyade PPD a rinin gashi kada ya wuce kashi 2 cikin 100 bayan an haɗa, sun kuma wajabta a rubuta a kwali cewa ba na 'yan ƙasa da shekara 16 ba ne. Mu dubi ajujuwanmu mu ƙirga nawa ne ba su kai ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba ta yarda a sa PPD a abin da ake shafawa a fata ba sam. A wani baƙin lalle da masana suka auna, an sami PPD fiye da kashi 15 cikin 100. Wanda ake sayarwa a ƙulli-ƙulli cikin leda, ba suna ba lambar NAFDAC, mai sayarwar ma ba shi da hanyar sanin abin da ke ciki.

Gira da gashin ido sun fi ko'ina haɗari. A 1933 a Amurka an sayar da wani rinin gashin ido mai PPD, Lash Lure, wanda ya makantar da mata, lamarin yana cikin abubuwan da suka sa aka kafa dokar sa ido kan kayan kwalliya a 1938. Masu zana gira da ragowar dayis su ji wannan. Haka nan garin dayis guba ne in ya shiga ciki: yana kumbura harshe da maƙogwaro har numfashi ya toshe, yana lalata tsoka da ƙoda, kuma babu wani magani da yake karya shi kai tsaye. Likitoci a Sudan da Maroko da Indiya sun rubuta yawan rayukan da ya ɗauka. A ajiye shi inda ƙannenmu ba za su kai ba, kada kuma a kwaɓa shi a kofin shan ruwa ko murfin kwano.

Gane shi ba wuya. Lalle na gaskiya garinsa kore ne, yana ƙanshin ganye, yana buƙatar sa'o'i, in an cire kuma ruwan lemo ake fara gani. Duk abin da ya baƙanta fata cikin ƙasa da awa ɗaya, ko aka ce sai an haɗa shi da wani farin ruwa na kwalba, ba ganye ba ne, ko da an zana ganye a jikin kwalin. In an riga an sa aka ji zafi ko ƙaiƙayi, a wanke nan take da ruwa mai yawa da sabulu. In ya yi bororo, kada a fasa, kada a shafa man goge baki ko toka, a je asibiti mafi kusa a kuma faɗa musu gaskiyar abin da aka shafa da ranar da aka shafa. Kumburin fuska ko wahalar numfashi ba a jira gari ya waye.

Ga manya masu rina gashi da dayis, umarnin da ke kwali shi ne a gwada ɗan kaɗan a bayan kunne a jira awa 48, a sa safar hannu, kada a wuce mintunan da aka rubuta. Wannan gwaji na gashi ne, ba ya halatta zana shi a fata. Mai son baƙin gashi ba tare da PPD ba, akwai tsohuwar hanya: a fara da lalle, a wanke, a bi da garin ganyen baba. Ja da shuɗi suka hau juna, sai a sami baƙi. Masu sana'ar ƙunshi kuma, waɗanda da yawansu yayyenmu ne da ƙawayenmu, su suka fi kowa taɓa sinadarin, tun da hannunsu yana cikinsa kullum. A ganinmu ƙunshin jan lalle da salatif bai gaza baƙin kyau ba, lokaci kawai yake ci, kuma wadda ta ƙware a kansa ba za ta rasa masu zuwa ba.

Ga masu sha'awar koyon rini

Rinin shadda da na ɗaure sana'a ce mai kawo kuɗi, kuma ɗalibi zai iya koya a hutu. Amma soda mai ƙuna tana cin fata, in ta faɗa ido tana iya makantarwa. A zuba soda cikin ruwa kaɗan-kaɗan, kada a zuba ruwa a kan soda, domin haɗin yana zafi yana fantsama. Kada a yi amfani da tukunyar alminiyam, soda tana cinye ta har ta huda, tana kuma fitar da iska mai kamawa da wuta. A yi aikin a fili saboda warin haidirosalfait, da doguwar safar roba. Tukunyar da aka yi rini a ciki ta bar girki ke nan. Ruwan da ya rage kuma kada a kwarara shi kusa da rijiya ko inda awaki da shanu suke sha, a yankinmu da yawancin gidaje da rijiya da burtsatse suka dogara.

Gwajin wannan mako

Wannan ba shi da haɗari, kowa zai iya yi a gida. A dafa zoɓo mai kauri ba sukari, a raba shi kofi uku. A matsa lemon tsami a na farko, a zuba ɗan jiƙon kanwa a na biyu, a bar na uku yadda yake. Na lemo zai ƙara ja, na kanwa zai juya ya yi duhu mai kore-kore, domin tsami da kanwa suna sauya ginin ɓangaren nan mai shanye haske. Sannan a samo ƙyalle uku daga wurin tela: farar auduga guda biyu, farin yadin roba guda ɗaya. A dafa audugar ɗaya a ruwan alam, irin wanda ake tace ruwa da shi, na minti 20. A tsoma duka ukun a zoɓon da ba a taɓa ba, su kwana, a shanya a inuwa, a wanke da sabulu sau ɗaya. A rubuta wanne ya fi riƙe launi, wanne ya koma fari, kuma ko launin mai alam ya yi daidai da na marar alam. Wanda ya yi, ya manna ƙyallayensa a takarda da sunansa da ajinsa, ya miƙa wa kowane ɗan kulob kafin ranar Juma'a, za mu liƙa su a wannan allo a fitowa ta gaba.